Lauyan gwamnati a harkar filaye da gidaje a Kano

Lauyan gwamnati a harkar filaye da gidaje ma'aikaci ne da gwamnati ke ɗauka domin ya ba ta shawara, ya tsara mata takardu, ya kuma tsaya mata a kotu a duk abin da ya shafi rabon fili, soke mallakarsa, biyan diyya, jingina da gidajen da gwamnati ta gina. A Jihar Kano yawancinsu ma'aikatan Ma'aikatar Shari'a ne, a ƙarƙashin Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a. Wasu kuma suna aiki a sashen shari'a na ma'aikatar filaye, ko Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA, ko Hukumar Gidaje ta jiha. Nauyin aikin ya samo asali ne daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Tunda ikon yana da faɗi, babban aikin lauyan shi ne tabbatar da cewa an bi ƙa'ida tun kafin gwamnati ta taɓa filin wani.

Kalmomin aikin

Kalmomin wannan fage sun fito ne daga tushe uku. Lauya, fuloti, safiyo da fayil aro ne daga Ingilishi. Diyya, wakafi, shuf'a da hauzi sun zo daga Larabci ta hanyar fiƙihun Malikiyya. Gandu, jingina, aro da awon igiya kuwa na gida ne. Awon igiya shi ne filin da mai gona ya yanka ya sayar ba tare da shatar hukuma ba. Takardar shaidar mallaka da gwamna ke sa wa hannu an fi saninta da C of O, har a bakin dillalai.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa, sarki da hakimai da dagatai ne ke kula da rabon ƙasa, alƙalai kuma suna hukunci da fiƙihun Malikiyya. Bayan Ingila ta ci Kano a 1903, majalisar shari'a ta Sarki Abbas (1903–1919) ta ci gaba da sauraron rigingimun gonaki da gidaje. A 1908 gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti kan filayen Arewacin Najeriya. Shawarwarinsa ne suka haifar da dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916. Dokar ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, ta mayar da abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama da amfani. Da wannan tsari aka riƙa ba kamfanonin baƙi fulotai na wa'adi a wajen ganuwa, musamman bayan layin dogo ya iso Kano a 1911.

Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗora a kan wannan tubali. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko, jihar ta samu ma'aikatun shari'a da na filaye nata. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsari mai kama da na Arewa ta shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Sashe na 315(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare dokar, ta yadda ba a gyara ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa.

Dokokin da yake aiki da su

A ƙarƙashin dokar 1978, gwamna ne ke ayyana yankin da ake ɗauka birni, shi ne kuma ke ba da haƙƙin mallaka a cikinsa. Ƙananan hukumomi suna ba da haƙƙin gargajiya a wajen birni, amma ba za su wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Sashe na 2 ya kafa kwamitin rabon filaye mai ba gwamna shawara, ya kuma wajabta a samu lauya a cikinsa. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jingina ko miƙa fili ba tare da yardar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Filayen gwamnatin tarayya, kamar na hukumar jiragen ƙasa da barikoki, ba sa hannun gwamna, bisa sashe na 49.

A ɗaya gefen akwai haƙƙin ɗan ƙasa. Sashe na 43 na kundin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar mallakar kadara a ko'ina a ƙasar. Sashe na 44 ya ce ba a karɓe kadarar mutum da ƙarfin hukuma sai bisa doka, tare da biyan diyya cikin gaggawa da ba shi damar zuwa kotu. Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu lauyan gwamnati yake aiki.

Ayyukan yau da kullum

Mafi yawan aikin a ofis ake yin sa, ba a gaban alƙali ba. Fayil yakan zo daga wata ma'aikata da tambaya: shin ana iya soke wannan takarda, ko wane ne mai haƙƙi cikin mutum biyu da kowanne ke riƙe da takardar fuloti ɗaya? Lauya zai duba tarihin fayil ɗin, da taswirar safiyo, da rajistar filaye, da bayanan hukumar KANGIS mai adana taswirorin filayen jiha a kwamfuta, sannan ya rubuta shawara.

Shi ne kuma ke tsara ko tace yarjejeniyoyi: sayar da gidajen rukunin gwamnati irin su Kundila da Gwammaja, ko na biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015, da hayar shagunan kasuwa, da haɗin gwiwa da 'yan kasuwa masu gina gidaje. Idan za a kai sabuwar doka kan filaye ko haya majalisar jiha, sashen tsara dokoki na ma'aikatar ne ke rubuta ta.

A kotu, sashe na 39 ya ba Babbar Kotun Jiha hurumin shari'ar filin da gwamna ya bayar. A Kano kotun tana zama a sakatariyar Audu Bako da kuma titin Miller a Bompai. Rabon gado, wasiyya, kyauta da wakafi tsakanin Musulmi kuwa kotunan shari'ar Musulunci ne ke duba su, don haka gida ɗaya yana iya samun shari'a a kotuna biyu. Wannan ya sa lauyan gwamnati a Kano yake buƙatar sanin ƙa'idoji irin su shuf'a, wato fifikon abokin tarayya wajen sayen kason da za a sayar, da hauzi, wato riƙon fili na tsawon shekaru, galibi goma idan ba dangi ba ne, alhali mai da'awa yana gani bai yi magana ba.

Soke mallaka da diyya

Nan ne aikin ya fi haɗari. Sashe na 28 ya ba gwamna damar soke mallaka saboda maslahar jama'a, kamar gina hanya ko makaranta ko asibiti, ko kuma idan mai fili ya karya sharuɗɗan takardarsa. Amma dole jami'in da gwamna ya ba izini ya sa hannu a sanarwar, a kuma isar da ita ga mai fili ta hanyar da sashe na 44 na dokar ya tsara. Haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai sanarwar ta isa gare shi.

Diyya a sashe na 29 ba kuɗin ƙasar ba ne. Ana biyan abin da ke kanta: gini bisa kuɗin sake gina shi bayan an cire tsufa, amfanin gona bisa ƙimar da jami'i ya yanke, da kuɗin ƙasa na shekarar da aka soke. Shi ya sa manomin da aka karɓi gonarsa a gefen birni yakan ga abin da aka ba shi bai kai kuɗin fuloti ɗaya da za a yanka a cikinta ba. Wanda aka soke wa saboda karya sharaɗi ba ya cikin masu wannan diyya.

Hukunce-hukuncen manyan kotuna sun shata iyakar ikon. A shari'ar Osho da Foreign Finance Corporation (1991), Kotun Ƙoli ta nuna cewa soke mallakar wani ba tare da sanarwa ba, ko don a miƙa filin ga wani mai zaman kansa, ba ya tsayawa. A shari'ar Ogunleye da Oni (1990) ta ce C of O ba hujja ce yankakkiya ba idan wani ya riga ya mallaki filin. A shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna (1986), Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi amincewa da sashen da ya hana kotu duba adadin diyya, saboda ya ci karo da kundin tsarin mulki.

Bompai, Sharada da Challawa

Unguwannin masana'antu uku na Kano suna nuna kusan kowane ɓangare na aikin. Bompai, a Ƙaramar Hukumar Nassarawa, ita ce mafi daɗewa, kuma da yawa daga takardun fulotanta sun girmi dokar 1978. Sharada da Challawa sun bunƙasa ne bayan ƙirƙirar jiha, a kan filayen da a da gonaki ne. Challawa tana Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kusa da Panshekara.

Matsala ta farko ita ce wa'adi. Haƙƙin da gwamna ya bayar na ƙayyadadden lokaci ne, don haka tsofaffin takardu suna zuwa da tambayar sabuntawa da bashin kuɗin ƙasa. Ta biyu ita ce jingina. Masana'antu suna karɓar bashin banki da takardun filayensu, kuma a shari'ar Savannah Bank da Ajilo (1989) Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba. A shari'ar Awojugbagbe Light Industries da Chinukwe (1995) ta sassauta, ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya kafin yardar ta fito, sai dai ba ta cika sai da ita.

Ta uku ita ce sauya amfani. Tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki da shigowar kaya masu araha daga waje, masana'antu da dama a Kano, musamman masaƙu, sun rufe. Wasu gine-ginen sun koma rumbunan ajiya, wasu masu su suna neman yanka su fulotai. Takardar da aka bayar don masana'anta ba ta halatta gidan zama ko rukunin shaguna sai an nemi izini. Lauyan gwamnati ne ke faɗa wa hukuma ko abin da ke gabanta karya sharaɗi ne da ya kai a soke, ko kuwa abin da za a daidaita ne da izini da biyan kuɗi. Ta huɗu ita ce muhalli: ruwan dagwalon majemu da sauran masana'antun Bompai yana bi ta rafin Getsi zuwa Jakara, na Sharada da Challawa kuma yana gangarawa kogin Challawa, inda manoman rani ke ban ruwa. A nan aikin yakan haɗu da na hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007.

Rusau na 2023

A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnatin Kano ta fara rushe gine-ginen da ta ce gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ba da filayensu ba bisa ƙa'ida ba a wuraren jama'a. Cikinsu akwai gine-ginen filin sukuwa, da na harabar tsohon otal ɗin Daula, da shagunan filin Idi na Ƙofar Mata. Masu shagunan filin Idi sun kai ƙara, kuma a watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya su naira biliyan 30. Daga baya ɓangarorin suka sasanta a kan naira biliyan 3. Lamarin ya nuna cewa tambayar ko an ba da fili daidai daban take da tambayar ko an karɓe shi daidai, kuma kuɗin da kotu ta yanke daga baitulmalin jama'a yake fita.

Karatu da matakan aiki

Mai son aikin yana yin digirin shari'a na shekara biyar. Jami'ar Bayero tana koyar da dokar zamani haɗe da shari'ar Musulunci. Daga nan sai Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1962, kuma tana da reshe a Bagauda a Jihar Kano. Bayan an rantsar da shi lauya, ya yi hidimar ƙasa, yana iya neman aiki a ma'aikatar. Ana farawa daga ƙaramin lauyan gwamnati, a hau mataki-mataki zuwa darakta, har zuwa babban lauyan ma'aikata wanda galibi shi ne babban sakatarenta. Antoni Janar kuwa muƙamin siyasa ne, kuma sashe na 195 na kundin 1999 ya sharɗanta ya kai shekara goma da zama lauya.

Ƙalubale

Yawancin gidajen cikin birni da na unguwannin awon igiya ba su da C of O. Hujjarsu takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu, don haka gano wanda za a ba sanarwa ko diyya yakan ɗauki lokaci. Akwai kuma ɓatan tsofaffin fayiloli, da ba mutum biyu fuloti ɗaya, da shari'o'in da ke shafe shekaru kafin su kai Kotun Ƙoli. Shawarar lauya ba umarni ba ce, hukuma tana iya ɗauka ko ta bari. Sannan ma'aikacin da ya tsara takardar ba da fili a zamanin wata gwamnati yana iya zama wanda za a tura kotu ya kare soke ta a zamanin wadda ta gaje ta.