Kodewar hancin kare lokacin hunturu da ƙa'idojin gasar karnuka

A ƙasashen Turai da Amurka, masu kiwon karnuka sun saba ganin wani sauyi idan sanyi ya tsananta: baƙin hancin kare sai ya kode, ya koma ruwan kasa ko ruwan hoda.

Galibi kodewar takan fito ne kamar zane a tsakiyar hancin, gefe da gefe kuma su ci gaba da zama baƙi. Idan yanayi ya yi ɗumi, launin yakan dawo.

Turawa na kiran wannan yanayi hancin hunturu, ko hancin dusar ƙanƙara.

An fi ganinsa a jinsunan Siberian Husky da Alaskan Malamute da Labrador Retriever da kuma Golden Retriever.

Me ke kawo shi?

Baƙin hancin kare na samuwa ne daga sinadarin melanin, wanda shi ne ke bai wa fatar ɗan Adam launi.

Masana na danganta kodewar da wani sinadari mai suna tyrosinase, wanda jiki ke amfani da shi wajen samar da melanin, kuma ana jin aikinsa na raguwa lokacin sanyi.

Likitocin dabbobi sun ce yanayin ba cuta ba ne. Kare ba ya jin zafi, kuma ƙarfin sansanarsa ba ya raguwa. Sai dai yayin da kare ke tsufa, baƙin kan daina dawowa sosai.

Matsayin ƙungiyoyi

Batun na da muhimmanci ne saboda gasar nuna karnuka, inda alƙalai ke auna kowane kare da rubutattun siffofin jinsinsa, tun daga tsayi har zuwa launin hanci. Karen da ya yi nasara darajarsa na ƙaruwa, haka ma kuɗin 'ya'yansa.

Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1873, da takwararta ta Amurka, AKC, da aka kafa a 1884, na cikin masu kula da waɗannan ƙa'idoji.

Manyan gasannin biyu kuwa sun saba faɗowa ne a ƙarshen hunturu: ta Westminster a birnin New York cikin watan Fabrairu, da ta Crufts a Birmingham cikin watan Maris.

Ƙa'idar AKC ta amince da hancin hunturu ga Husky da Malamute.

Ga Golden Retriever, ba a ɗaukar kodewar sanyi a matsayin babban aibi, amma ana rage maki ga hanci mai ruwan hoda.

Ga Labrador kuma, ɗan dusashewar launi ba laifi ba ne, amma hancin da babu ɗigon launi a kansa yakan sa a fitar da kare daga gasa baki ɗaya.

Irin wannan rashin launi na dindindin shi ake kira hancin Dudley, sunan wani gari a Ingila, kuma gadonsa ake yi. Shi ya sa ake tsaurara masa hukunci, domin yana iya bin zuriya.

An kuma haramta shafa wa hancin kare rini domin yaudarar alƙalai.

Alamun cuta

Akwai cututtukan fata da kan fara da kodewar hanci, ciki har da wani nau'i na lupus, inda garkuwar jiki ke afka wa fata.

Bambancin shi ne, a hancin hunturu launi kaɗai ke sauyawa, hancin na nan da damshinsa da ɗan kaushinsa.

Idan kuwa ya yi sumul, ko ya tsage, ko ya yi ɓawo ko gyambo, ko yana jini, likitoci na ba da shawarar a gaggauta kai karen asibitin dabbobi.