'Yar Tsana, Mutum-mutumi ko Gunki: Rigimar Suna daga Amurka zuwa Gobir

A shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wani ɗan soja na roba mai suna G.I. Joe. Tsawonsa inci 12 ne, gaɓoɓinsa suna lanƙwasuwa, ana tuɓe masa kaki a sa masa wani. Duk mai ido ya san ɗan'uwan Barbie ne, wadda kamfanin Mattel ya fitar a 1959 domin 'yan mata. Sai dai masu Hasbro sun yi ittifaƙi cewa ba uban da zai saya wa ɗansa namiji 'yar tsana, saboda haka suka guji kalmar, suka ƙirƙiro wata sabuwa, "akshin figa", wato siffar jarumi mai motsi. Sunan ya karɓu. Yaran da suka yi wasa da irin waɗannan jarumai suka girma, suka koma tara su a akwatunan gilashi, har a 2024 aka sayar da ɗaya daga cikin na fim ɗin Star Wars a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Har yau, in ana son ɓata wa mai tara su rai, a ce masa 'yar tsana yake ajiyewa.

Maganar ta kai kotu. Dokar kwastan ta Amurka ta ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari a kan 'yar tsana, wato abin da ke da siffar ɗan Adam, sauran kayan wasa kuwa kashi 6.8. Kamfanin Toy Biz, mai shigo da jaruman X-Men daga Sin, ya kafe cewa kayansa ba mutane ba ne, wasu halittu ne dabam. A watan Janairun 2003 mai shari'a Judith Barzilay ta Kotun Cinikin Ƙasa da Ƙasa ta ba shi gaskiya. Masoya labarin suka ji zafi, domin jigon X-Men shi ne neman a yarda su ma mutane ne, ga shi an cire su daga mutane don ragin haraji.

Irin waɗannan kaya, ko kwaikwayonsu mai araha, suna isa kasuwannin Sabon Birni da Isa ta hannun 'yan koli, kuma mai talla ba ya wahalar da kansa: ta mace 'yar tsana ce ko 'yar bebi, na namiji ɗan soja ne, duka kayan wasa. Amma Hausa tana da kalmomi uku ga abin da aka yi da siffar mai rai, kuma ratar da ke tsakaninsu ta fi ta haraji nauyi. 'Yar tsana ta yara ce. Ana yin ta da kara ko ƙashi ko tsumma, a yi mata kitso, a goya ta, har a yi mata biki da gara. Maza kuwa suna gina shanu da dawaki da raƙuma da yumɓu a bakin gulbi, ba wanda ya taɓa neman musu wani suna na musamman don kare mutuncinsu. Mutum-mutumi shi ne siffar da aka kafa don a gani, kamar na korar tsuntsaye a gona. Gunki shi ne abin da ake yi wa yanka, a roƙe shi. Da Baturen kwastan ya tambayi Bahaushe, da ya ji cewa ba siffar abu ake dubawa ba, ba kuma jinsin mai shi ba. Abin da ake yi da shi ne ke ba shi suna.

Ba inda wannan bambanci ya ci rayuka kamar ƙasar Gobir. Sarakunan Alƙalawa, birnin da kufansa ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau, Musulmi ne, kuma malamai suna zuwa fadarsu. Amma a gefen sarki akwai Inna, mace daga gidan sarauta, shugabar mata kuma uwar 'yan bori. Abin lura shi ne bori bai dogara da sassaƙa ba. Iska kan hau mutum ne, shi ya sa ake kiran wanda ta hau doki ko goɗiya, kuma wurin yanka yakan zama gindin tsamiya ko kuka ko wani dutse. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu girmama itatuwa da duwatsu suna yi musu yanka, ba siffar mutum ya gani a jikinsu ba. Dutse ba shi da fuska, amma ya zama gunki saboda jinin da aka zuba masa. Ko wace irin suna za a ba mai yin haka, mai saɓo ko kafiri, ita ce muhawarar da Muhammadu Bello ya yi da Shehu Alkanemi na Barno a wasiƙunsu, kuma a kan amsar ne halaccin yaƙi ya rataya.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ya zauna a Sabon Birni. Isa kuwa tana hannun zuriyar Shehu, kuma garuruwan biyu kowanne yana da mai amsa sunan Sarkin Gobir (ƙasar ta saba da suna ɗaya mai ma'ana biyu). A wannan zamani ne Nana Asma'u ta yi abin da ya nuna yadda malaman jihadi suka fahimci lamarin. Da ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru don karantar da matan karkara, sai ta naɗa wa jagororinsu, wato jajis, malfa, hular da aka san Inna da ita. Hular ba ta sake ba. An sake aikinta ne kawai, sai ta tashi daga alamar bori ta koma alamar karatu.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan wannan yanki, na mazhabar Malikiyya, ya bi wannan hanya, amma ya ƙara da sharuɗɗan siffa. Masu sharhin Muhtasar na Halilu sun haramta surar mai rai idan tana da inuwa, wato mai jiki ce ba zane ba, kuma gaɓoɓinta sun cika. Sannan suka keɓe abu guda: 'yar tsanar 'yan mata. Hujjarsu hadisan Nana A'isha ne, wadda ta yi wasa da 'yan tsana a ɗakin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har da wani doki mai fukafukai da Abu Dawuda ya ruwaito labarinsa. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa, yana cikin waɗanda suka bayyana dalilin sassaucin: wasan yana koya wa yarinya reno. Ana ja wa 'yar tsana ƙafa a ƙasa, ana yar da ita a bayan ɗaki, ba a girmama ta.

Sharaɗin cikar gaɓoɓi shi ya sake fitowa a Kano a 2021, lokacin da Hukumar Hisba ta hana teloli da masu shaguna tallan tufafi da mutum-mutumi mai kai. Jaridun kudu sun yi ta dariya, amma cire kai tsohuwar mafita ce a littattafan fiƙihu, ko da za a iya jayayya kan ko aikin hukuma ne ta tilasta ta.

A nan ne lissafin Hasbro ya juye. Ba'amurke mai tara jarumai yana gudun kalmar 'yar tsana don kada a raina shi. Ma'aikacin banki ɗan Isa da ke zaune a Abuja, wanda ya jera irin waɗannan jarumai a kantar falonsa, kalmar ce kaɗai mafakarsa. Muddin suna hannun ɗansa ana jifa da su, kayan wasa ne, kuma malamai da yawa sun shigar da yara maza cikin sassaucin. Ranar da ya karɓe su, ya goge, ya kulle a gilashi, ya kunna musu fitila, ya hana yaro taɓawa, sun fita daga wasa. Ba su zama gumaka ba, tunda ba mai roƙon su komai, kuma wanda ya kira su haka ya wuce gona da iri. Sun dai zama mutum-mutumi masu inuwa da cikakkun gaɓoɓi, waɗanda aka ɗaukaka a wuri mai daraja, kuma wannan shi ne ainihin abin da masu sharhin Muhtasar suka yi magana a kansa. Idan kawunsa ya zo daga gida ya tsaya gaban kantar ya tambaye shi mene ne waɗannan, kalmar "akshin figa" ba za ta fisshe shi ba, domin ba ta cikin ukun da kawun ya sani.