Daga Sakkwato Zuwa Ditiroyit: Tarihin Ƙungiyar Kiɗan Mdou Moctar

Turawa kan kira ƙungiyar makaɗan rok da "mai zaman kanta" idan ba ta ƙarƙashin manyan kamfanonin buga faifai, wato ita ke ɗaukar kiɗanta, sa'an nan wani ƙaramin kamfani ya yaɗa shi. Galibi idan an yi wannan magana Amurka da Ingila ake nufi. Amma ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi da sunansu ya fi zagaya duniya tun daga 2019 ta maƙwabtanmu ce, watau ƙungiyar Mdou Moctar ta Jamhuriyar Nijar. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, tarihinta ba zai cika ba idan aka tsallake ƙasar Hausa, domin a nan ne aka aza tubalinta na fari.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Ba'abzine ne daga jihar Tawa, an haife shi a tsakiyar shekarun 1980. Ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗa ba, saboda haka da hannunsa ya harhaɗa jitarsa ta farko, da katako da wayoyin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar. Bahago ne, kuma da hagun yake kaɗawa. Shi wannan kiɗa na jita ba gargajiya ba ne kamar yadda baƙi ke zato. Ya tsiro ne wajen ƙarshen shekarun 1970 a tsakanin samarin da fari da rashin aikin yi suka kora Aljeriya da Libiya, waɗanda ake ce wa ishumar, kalmar da aka aro daga ta Faransanci mai nufin marar aikin yi. Ƙungiyar Tinariwen ita ce fitacciya a cikinsu, kuma a kan kaset waƙoƙinsu suka yawata daga hannu zuwa hannu.

A 2008 Mdou Moctar ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. A nan ya kamata mu ɗan dakata. Duk wanda ya saurari Anar, in dai ya san waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci, ba zai bukaci a gaya masa inda aka yi shi ba. Gangar ta na'ura ce, ba ta fata ba. Muryar kuwa an bi da ita ta cikin na'urar nan mai daidaita sauti, wadda ke sa ta yi siriri tana karkarwa, irin yadda masu ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna da sauran biranenmu suka mayar da shi ado. Harshen waƙar Tamashek ne, jitar ta Abzin ce, amma rigar da aka sa musu ɗinkin Hausa ce, wadda ita ma ta ɗebo wani abu daga waƙoƙin finafinan Indiya. Mun daɗe muna nazarin abin da mawaƙanmu na zamani suka ara daga waje, wasunmu ma cikin takaici. Ba safai muke duban abin da aka ara daga gare su ba. Ga misali a fili: salon da aka yi ta kushewa a gida cewa ya kashe kalangu da kukuma, shi ne ya ba wani mawaƙin wata al'umma muryar da aka fara saninsa da ita.

Ba a buga Anar a faifai ba a lokacin. Waƙoƙin sun bi ta wayar salula, ana tura su ta Bluetooth da katin ajiya, daga tasha zuwa kasuwa, har suka kai arewacin Mali, sau da yawa ba tare da cikakken sunan mai su ba. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na birnin Fotlan, ya ci karo da waƙar Tahoultine. Ya sa ta cikin tarin waƙoƙin da ya tsinto daga wayoyin mutanen Sahara, wanda ya fito a faifai a 2011, daga baya kuma ya nemo mawaƙin har ya same shi. Wannan kamfani ne dai ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, sa'an nan ya buga shi Anar ɗin a 2014, shekara shida ke nan bayan ɗaukarsa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Afelan ya fito a 2013, an ɗauke shi a Cintabaradan ba tare da kwalliyar na'ura ba. A 2015 ya fito a fim mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka shirya a Agadas bisa tsarin fim ɗin Prince na 1984. Masu fim ɗin sun ce dogon sunan ya samo asali ne daga rashin kalma guda ta launin shunayya a Tamashek, shi ya sa aka siffanta ruwan sama da shuɗi mai ɗan ja-ja. Sousoume Tamachek ya biyo baya a 2017.

Sai a 2019 ne sunan ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama na ƙungiya ta mutum huɗu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jita mai kaurin amo, wanda kuma ya zama mai tsara musu ɗauka. Kundin Ilana, da aka ɗauka a Ditiroyit, shi ne na farko da ya fito da su a matsayin makaɗan rok sosai, da ƙarar lantarki da doguwar kaɗawa mai gudu. Sai dai wanda ya kasa kunne zai ji cewa ƙafar kiɗan ba ta bar gida ba. Takun gangar na filin biki ne, mai jujjuyawa yana ƙara zafi, kuma a bukukuwan aure na Agadas da kewayenta ne waɗannan makaɗa suka goge. Marubutan Turai sun yi ta kwatanta shi da Jimi Hendrix. A ganina wannan kwatanci ya fi bayyana kunnen marubutan fiye da hannun makaɗin.

Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun fito ta kamfanin Matador na Niyok, wanda shi ma ba ya cikin manya. Jigoginsu sun ƙara kaifi: mulkin mallaka da abin da ya bari, da halin da talakan ƙasar da ake haƙar yuraniyom a cikinta yake ciki. Waƙar Oh France sunanta ma ya isa bayani. Wadda ta fi shafar masu nazarin harshe kuwa ita ce Imouhar, kira ga Abzinawa da su riƙe Tamashek kada ya salwanta. Wannan kira yana da nauyi biyu a gare mu. Na ɗaya, mafi yawan masu sayen faifan ba sa jin ko kalma ɗaya daga cikinsa. Na biyu, a garuruwa irin su Agadas da Tawa ba Faransanci kaɗai ne ke gogayya da Tamashek a bakin yara ba. Hausa ita ce harshen kasuwa da titi. Mu da muka saba kukan Ingilishi ya danne mu, a can mu ne babban harshe.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakoki. Ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka, 'yan Nijar ɗin uku suka kasa komawa gida na wani lokaci, har sai da masu saurarensu suka yi karo-karo don ɗaukar nauyin zamansu. A cikin wannan jira ne suka shiga ɗakin ɗauka a Niyok suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba. Bayan sun koma, Madassane ya tara waɗansu Abzinawa a gida ya ɗauki muryoyinsu suna amshi, aka haɗa da na Niyok. Kundin ya fito a watan Fabrairu na 2025 da sunan Tears of Injustice.