Daga Zangon Raƙuma Zuwa Zangon Jirage

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa Fagge ba ta taɓa rabuwa da baƙo ba. Tun kafin zuwan Turawa, a nan ayarin Azbinawa ke sauke kaya a wajen ganuwa, su huta, su sayar da gishiri. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai Sabon Gari ta tsiro a gefenta domin baƙin da suka zo daga Kudu. Bayan haka sai baƙo ya fara saukowa daga sama, domin a 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma a 1936 aka fara jigilar fasinja.

Wannan fili da yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ya zama zango ga jiragen da ke ƙetare Sahara, inda suke shan mai kamar yadda raƙuma ke shan ruwa. Kamfanin KLM ya yi ta sauka a nan daga 1947 har 2012. Alhazanmu da suka bi ta ƙofarsa kuwa, Allah kaɗai ya san adadinsu.

To, ga shi an gina sabuwar tasha. Tambayarmu ita ce: me za a yi da tsohuwar?

Mutanen Amurka sun fuskanci irin wannan tambaya. A birnin Niyu Yok akwai tashar kamfanin TWA wadda aka buɗe a 1962, aka rufe a 2001. Maimakon a rushe ta, sai aka gyara ta yadda take, aka gina ɗakunan kwana 512 a gefenta, aka buɗe ta a matsayin otal a 2019. Kuɗin baƙi ke riƙe da ginin, ginin kuma ke jawo baƙi.

Mu da muka ga yadda ganuwar Kano ke zaizayewa a gaban idonmu, mun san ginin da ba shi da aiki ba ya daɗewa. Mayar da tsohuwar tasha masauki ba baƙon abu ba ne a Fagge, komawa ce ga sana'ar kakanni.

Kafin hukuma ta yanke shawara, mu marubuta muna da namu aikin. Tsofaffin 'yan dako, direbobin tasi da 'yan rakiyar alhazai suna nan da ransu a Fagge da Sabon Gari. Mu je mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gani tun suna iya faɗa. Allah ya sa mu dace.