Daga Zabira Zuwa Kilifa: Tarihin da Ke Bisa Kan Samarinmu

A wannan makon za mu leƙa wurin masu aski.

A 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara, kamar sauran garuruwanmu har Faskari da Sabuwa, aski a da aikin wanzami ne. Gadon sana'ar yake yi, yana yawo da zabira, a ciki akwai aska da ƙaho. Shi ke askin suna ran bakwai, shi ke kaciya da tsaga, kuma shugabansu shi ne Sarkin Aska. Magidanci ƙwal-kwabo ake yi masa ya ɗora hula, yaro kuwa a bar masa zanko ko tukku.

Canjin daga nesa ya taso. A 1921 wani Ba'amurke, Leo Wahl, ya sami rajistar kilifarsa mai aiki da lantarki. Aska kankarewa take yi, kilifa kuwa tana saisaye mataki-mataki. Wannan ya ba da damar askin da suma ke raguwa sannu a hankali har ta ɓace a fata. Sojojin Amurka sun yi shi, shagunan askin baƙaƙen fata suka ƙawata shi, mawaƙansu suka yaɗa shi a shekarun 1980. Talabijin da 'yan ƙwallo suka kawo mana, janareta ya kai shi ƙauye.

Samfurin da samari ke kira lo-fed daga saman kunne da ƙeya kaɗai yake fara sirancewa. Mu lura da hikimar zaɓensa. Malamanmu na jan kunne da hadisin Ibn Umar da ya hana ƙaza'u, wato aske wani sashen kai a bar wani. Saurayi na son gayu, ba ya son faɗan Baba. Da hula, gefe tsaf kawai dattijo zai gani; in an cire ta a majalisa, abokai su ga ado. Ko hakan ya fitar da shi daga hanin, malamai ke da ta cewa.

Abin da ya shafe mu shi ne, kai ma yana faɗin zamani. Kada mu kai tauraron labarin 1960 shagon kilifa. Kalmomi irin su zanko da tukku kuma suna bin tsofaffin wanzamai kushewa. Mu je mu zauna da wanda ya rage a unguwarmu, mu tambaye shi, mu rubuta. Aski ya zo gaban goshi.