Abu Ja da Abu Kwaka: gida biyu, gado ɗaya

'Yan uwa mazauna Suleja da kewaye. Da yawanmu fatauci ne ya kawo iyayenmu garin nan daga Kano, Katsina ko Sakkwato. Ni ma ɗan ɗan kasuwa ne, a nan na tashi. Amma na lura in ana zancen sarautar garin sai mu yi shiru kamar ba ta shafe mu ba, alhali duk ranar da fada ta yi zafi, kasuwa ce ke fara jin ƙuna. Shi ya sa yau na ga ya dace mu waiwayi tarihin gidan nan.

Asalin sarautar daga Zariya take. Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya rasa birninsa a hannun mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Musa. Tarihin Abuja ya sa abin a 1804, wasu masana kuma sun ce 1808. Makau ya yi kudu da jama'arsa har ya sauka Zuba, ya ci gaba da yaƙi daga can, aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Bai kafa gari ba, sai dai ya bar runduna da ƙanne biyu, Abu Ja da Abu Kwaka.

A nan ne abin lura yake. Runduna mai gudun hijira, ga makamai a hannu, ga 'ya'yan sarki fiye da ɗaya, irin wannan yanayi ne ke haifar da yaƙin 'yan uwa. Amma Abu Ja ya hau, ya kafa garin Abuja a 1828, ya yi mulki har 1851. Da ya rasu, sarauta ba ta wuce ga ɗansa ba, sai ga ƙaninsa Abu Kwaka, Dogon Sarki, wanda ya riƙe ta har 1877. Bayansa kuma ta koma ga Ibrahim ɗan Abu Ja, wanda ake kira Dodon Gwari. Daga nan gidaje biyu suka tabbata, wannan ya yi, wancan ya karɓa.

Jerin sarakunan da suka biyo baya ya nuna haka. Turawa sun ci garin a 1902, Ibrahim ya rasa ransa, Muhammadu Gani na gidan Abu Kwaka ya hau. A 1917 sai Musa Angulu na gidan Abu Ja. A 1944 sai Sulaimanu Barau ɗan Gani, wanda a zamaninsa aka ba sabon birnin tarayya sunan Abuja, garinmu ya zama Suleja daga sunansa. A 1979 sai Ibrahim Dodo Musa. Kun ga ke nan fiye da shekara 140 ana miƙa wa juna.

A ganina ba wai zuciyarsu ta fi ta sauran sarakai sanyi ba ne. Larura ce ta haɗa su. Sarakunan Fulani na Zariya suna arewa ba su daina haƙon garin ba, Nupe kuma tana kudu maso yamma. Gari ƙarami a tsakanin manya, in ya rabu biyu ya ƙare. Kowane gida ya san jiran lokacinsa ya fi asarar gadon gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu 'yan asalin Kano mun san abin da ke faruwa in aka rasa wannan haƙuri. A 1893 da Sarki Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai tare da Yusufu. Basasar ta ci rayuka da garuruwa, Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894, Tukur ya mutu a 1895. Jikokin mutum ɗaya ne, Ibrahim Dabo.

Suleja ma ba ta tsira har abada ba. Bayan rasuwar Ibrahim Dodo Musa a 1993, aka naɗa Alhaji Awwal Ibrahim, tsohon gwamnan Jihar Neja daga 1979 zuwa 1983. Waɗanda ba su yarda ba suka yi bore, aka lalata dukiya. A 1994 aka sauke shi, Bashir Sulaiman Barau ya hau. A Janairun 2000 aka mayar da Awwal Ibrahim, rikici ya sake tashi har aka sa dokar hana fita. Mahaifina yakan ce a waɗannan kwanaki babu wanda ya tambayi mai shago gidan da yake goyon baya, kowa rufewa ya yi, kayan gwari suka ruɓe.

Darasin da na ɗauka shi ne, muddin maƙiyi yana bakin ganuwa 'yan uwa sun riƙe juna, amma da naɗin sarki ya koma hannun gwamnati, sai kowane ɓangare ya fara neman mai ɗaure masa gindi a waje.

Shawarata gare mu baƙi, mu girmama fada, mu san tarihin masu masaukinmu, kada kuma mu bari a ɗauki samarinmu haya a rigimar gidan da ba namu ba. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, amin.