Gwajin Jurar Zafi na Magunguna da Man Shafawa

Gwajin jurar zafi hanya ce da masana harhaɗa magunguna ke bi don gano matakin zafin da magani ko man shafawa ke fara narkewa ko lalacewa. Akan ɗumama ɗan kaɗan daga cikinsa a na'ura sannu a hankali, ana auna zafin da yake sha.

A Jimeta, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ko man kaɗanya kan narke a teburin mai sayarwa, balle lalacewar insulin, wanda ajiyarsa ke tsakanin digiri 2 da 8. Saboda irin wannan zafi, tun 1996 kwalbar rigakafin shan-inna ke ɗauke da ɗan murabba'i cikin da'ira, wanda zafi ke sa ya yi duhu. Da zarar ya yi duhu kamar da'irar, ba a ɗiga wa yaro rigakafin.